Firijin Aro

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya kamar yadda nake lafiya, idan aka cire ƙafa da ido da ciwon sukari. Sauran jikin garau yake, musamman baki.

Na ba direban motar burodi wannan takarda, ya ce yana sauke kaya a ƙofar makarantarku. Kada ki ce me ya hana ni kiranki a waya. Waya ba ta san zumunci ba. Da na ce ya karatu, sai ki ce lafiya lau Baba, zan shiga aji, shi ke nan an gama. Takarda kuwa dole ki zauna ki saurare ni. Ki yi haƙuri da rubutun, kamar agwagwa ta bi ta cikin tawada. Kin san ni da makaranta mun rabu tun ina ƙarami, ba faɗa ba zagi, ita ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita.

Shago yana nan. Mutane sun daina ɗaura agogo, kowa wayarsa yake dubawa. Shekaranjiya wani ya kawo agogon bango wai ya mutu, ashe batir ya sa a juye. Na ce ya dawo da yamma, don kada ya raina sana'ar.

Na je babban asibiti kamar yadda kika matsa. Kin san hanyar: in sauko benen nan ina lallaɓa bango, in tsallake kwata, in tsaya a gindin gada har motar ta ga dama. A can suka wargaza ni kamar yadda nake wargaza agogo, sai dai ni ina mayar da kayan ciki in na gama. Ƙafa wannan ƙofar, jini waccan, ido kuma wai sai wata ranar. Mai duba ƙafa ya ce in riƙa yawan tafiya. Mai wanke gyambo ta ce kada in kuskura in taka. Na tambaye su ko in koma tafiya da hannu, ba wanda ya yi dariya. Ashe har dariyar ma ƙofarta daban.

Uwata, hutu ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Na sani, aikin kwana a asibiti ba ya barinki, hanyar kuma, ko da yake gari ɗaya muke, da jiran mota wuni guda take ci. Ba ƙorafi nake ba. Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi, har takalmin nan naki mai tsinkakken hanci yana bayan ƙofa. Agogon hannun marigayiya mahaifiyarki kullum da safe sai na murɗa shi na ba shi wani, don kada ki dawo ki tarar ya tsaya.

Ki huta lafiya. Ni ne mahaifinki,
Mai Agogo

*

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina yi maka ya jiki. Na rubuta manya-manya don kada ka wahalar da gilashin aikinka.

Baba, ina da labari, amma ka karanta har ƙarshe kafin ka yi murna.

Wannan zangon an sa mana wani sabon darasi. Malamar da ke koyar da shi ta ce ta gaji da ganin likita da nas da mai magani suna haɗuwa karon farko a kan gadon mara lafiya. Sai ta gauraya mu, ta raba mu huɗu-huɗu. A ƙungiyarmu akwai mai karatun likita, muna ce masa Dogo, akwai mai koyon haɗa magunguna, akwai mai koyon gashin ƙashi, sai ni mai koyon jinya. Tun da aka haɗa mu ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba. Dogo gani yake shi ne kai, mu kuma gaɓoɓi. Malama kan ce mana, mara lafiya mutum ɗaya ne, ku ne kuka yi yawa.

Ranar farko ta kafa taswirar gari a allo. Unguwannin da mutane ke rasa ƙafa da ido saboda ciwon da ake iya riƙewa an shafa musu ja. Baba, bayan gada ja ne wur. Na zauna ina kallon layinmu.

Motar makaranta za ta riƙa kai kowace ƙungiya wata unguwa, mako ɗaya a je, mako ɗaya a huta. Za a ba mu gidaje kaɗan, mu shiga tare, mu gano abin da ke tsakanin mutum da maganinsa. Mu bayan gada aka ba mu. Nas ɗin ƙaramin asibitin unguwa ce ta zaɓi gidajen, kuma na farko a cikinsu shi ne na wani Mai Agogo, hawa na biyu. Ba wanda ya gane, tunda ba da wannan sunan aka san ni a nan ba.

Ga inda murnar ta tsaya. Doka ce ɗalibi ba ya duba ɗan'uwansa na jini. Zan sanar da Malama, za ta mayar da ni wata ƙungiya a can ɗaya gefen gari. Amma abokaina za su zo maka, kuma don Allah ka gaya musu gaskiya, ban da wasa.

'Yarka mai kewarka.

*

Uwata,

Gaisuwa a taƙaice, don direban yana danna ƙaho a ƙasa.

Kada ki faɗa! In kin riga kin buɗe baki, ki ce hamma kika yi. Allah ya ɗauko ki a motar makaranta, ba jiran gindin gada, zai sauke ki a ƙofar gidan ubanki, ke kuma ki ce a'a akwai doka? Dokar nan wanda ya kafa ta 'ya'yansa suna gabansa.

Ga yadda za a yi. Ni ban san ki ba, ke ba ki san ni ba. Malama zan riƙa ce miki. Na cire hotonki daga bango na sa a ƙarƙashin katifa, ki yafe ni, na juya fuskar sama don ki sha iska. Na gaya wa Tela maƙwabciyarmu da Mai Shago mai sayar da lemo, duk sun rantse ba su taɓa ganinki ba, har Tela tana cewa dama ba ki yi kama da ni ba, kin fi ni kyau.

Ba na neman ki zauna. In gan ki kawai kina shigowa ta ƙofar nan, ko da idon nan guda da rabi. Ban taɓa roƙonki komai ba, in ban da ranar da na ce ki daina koyon girki a kaina.

Sauran kuma ki bar mini. Ba zan bari ki ji kunya a gaban abokanki ba.

Mahaifinki, wanda daga yau bai san ki ba.

*

Zuwa ga Malama Nas, wadda na fara gani jiya,

Bayan gaisuwa, ki faɗi gaskiya, ban burge ki ba?

Na ga idonki lokacin da kika ga firiji a tsakiyar ɗakinmu. Na Mai Shago ne. Maza uku suka hau da shi benen suna tsine mini a kowace matakala. Wayar wutarsa ba ta kai bango ba, kuma ko ta kai kin san halin wutarmu, sai na cusa ta bayan kabad. Na ɗauko kwalbar allurar sukarin daga kan taga inda take zama, na ajiye ta a ciki ita kaɗai kamar sarauniya. Kujerun na Tela ne. Tabarau ɗin na mijinta ne, tunda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi ba ya amfani da su. Ba na ganin komai da su, amma sun ba ni kwarjini.

Kin ga yadda kowannensu ya kama nasa? Dogon ya dunguri ƙirjina ya ce, "Baba, wa ke kula da kai?" Na nuna Tela na ce ƙanwata ce, a nan take wuni, a nan take kwana. Ita kuwa ta gyara zama kamar a gidan aka yanke mata cibi. Mai maganin ya miƙo kwalin magani ya ce in karanta. Da ma na sa Mai Shago ya karanta mini tun da safe na haddace, na zubo masa tiryan-tiryan. Allah ya taimake ni bai lura a juye na riƙe kwalin ba. Mai gashin ƙashin ta ce, benen nan fa? Na ce ai motsa jiki ne, wasu biya suke yi a ba su irinsa. Duk suka yi dariya. A nan dai dariya ba ta da wata ƙofa daban.

Sai ke. Kika durƙusa kika kwance tsumman ƙafata, ba ki ɗago kai ba ko sau ɗaya. Kin rame, Uwata. Amma hannunki na mahaifiyarki ne sak, yadda take riƙe abu kamar zai fashe. Saura kaɗan in ɓata shiri. Bakina ya fara "Uwa..." sai na ƙarasa da "uwar ɗakina Malama, a hankali." Kika danna audugar da ƙarfi. Na gane saƙon.

Da kuka tafi na leƙa ta taga har motar ta haye gada, ko dai wani farin abu da na ɗauka ita ce. An sauko da firijin kafin lemon Mai Shago ya huce. Na ce masa ya shirya, nan da mako biyu za a sake hawa da shi. Amsar da ya ba ni ba ta rubutuwa.

Sai kun dawo. Naki,
Mara lafiya na hawa na biyu

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ka yafe ni, yau gaisuwar gajera ce.

Mun zauna da Malama kowa ya kawo abin da ya gani. Dogo ya ce akwai mai kula da kai dare da rana. Mai magani ya ce kana da firiji, kana karanta kwali ba gargada. Mai gashin ƙashi ta ce benen bai dame ka ba. Karon farko tun da aka haɗa mu, bakinsu ya zo ɗaya: gidan Mai Agogo ba ya bukatarmu, a cire shi. Dogo ya ƙara da cewa in gidan farko haka yake, wataƙila jan da aka shafa wa bayan gada ya tsufa, gara a kai mu wata unguwa. Ka ji, Baba? Ba kai kaɗai ba. Har mijin Tela, wanda gidansa ne na biyu a jerinmu, da sauran.

Malama ta tambayi mai magani, "Da ka buɗe firijin, akwai sanyi?" Ya ce babu, amma ya ɗauka wuta aka ɗauke. Ta ce, "Ka gaya wa nas?" Ya ce bai ga ya shafe ta ba. Ta juyo gare ni ta ce, "Ke da kika ga gyambon, ya yi miki kama da na mutumin da allurarsa ke aiki?"

Baba, gyambon ya yi zurfi fiye da yadda kake faɗa a takarda. Ya fara wari. Na ga irinsa a asibiti, na kuma ga inda yake ƙarewa. Da na ci gaba da shiru, da an cire ka, ni ba zan zo ba, su ma ba za su zo ba. In kuma na yi magana, a cire ni, su su ci gaba da zuwa. Ko ta ina ba za ka gan ni ba, amma ta hanya ɗaya ce za ka tsira da ƙafarka.

Na miƙe na ce mahaifina ne. Na ce firijin na aro ne, ƙanwar ta aro ce, tabarau ma na aro ne, shi kaɗai yake kwana yake tashi, allurar a kan taga take shan rana. Sai mai gashin ƙashi ta ce, "Wallahi na ga kwalin a juye, na ɗauka aikin mai magani ne ya yi magana."

An mayar da ni wata ƙungiya. Malama ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba, amma a ofishinta na sha. Na cancanta.

Ka ce ba za ka bari in ji kunya ba. Ban taɓa jin kunyar ɗakinmu ba, Baba. Ranar nan kaɗai na ji, da na ga ka ɓoye shi.

Kada ka yi fushi da ni. 'Yarka.

*

Uwata,

Na amsa gaisuwarki, duk da gajartarta. Na daɗe ban rubuto ba. Ba fushi ba ne, biro ne ya ƙi. To, da ɗan fushin. Amma da wa zan yi? Na yi wa talauci wanka na sa masa turare, baƙi suka zo suka ce ai wannan mai kuɗi ne. Wayon da ya yi yawa shi ke kai mutum ya kulle kansa a waje.

Abokanki sun dawo, har sau uku yanzu. Ranar farko na ji takunsu a bene, na kasa kunne ko zan ji naki. Kin san ke matakala biyu-biyu kike haɗawa. Duk ɗaya-ɗaya suka hawo.

A madadinki an kawo wata nas mai faɗa kamar an aiko ta. Suka zauna a tabarma, don kujeru sun koma gidansu. Wannan karon ba wanda ya kama nasa shi kaɗai. Dogon yana duba gyambo, mai maganin yana leƙe ta kafaɗarsa, suna musu har na ce ko in ba su wuri. A ƙarshe suka daidaita a gabana: yaushe zan taka, yaushe zan ɗaga ƙafa. Ashe maganar mai duba ƙafa da ta mai wanke gyambo duk gaskiya ce, lokacinsu ne daban, ba wanda ya zauna ya haɗa su.

Mai maganin ya sauka ya yi ta lallashin Mai Shago, har ya yarda ya ware layi guda a firijinsa, tunda shi yana da injin wuta. Yanzu kwalbata tana can tsakanin lemo da madara, tare da na wasu mutum biyar na layinmu waɗanda ban ma san muna ciwo ɗaya ba. Ya naɗa wa magungunana zare mai launi, ja na safe, baƙi na dare. Mai gashin ƙashin ta sa kafinta ya kafa mini marikin hannu a bene, mijin Tela kuma ta fara tsayar da shi a jikin bango. Dogon ya yi ta zirga-zirga har aka haɗa mini ranar ido da ranar ƙafa. Yaron kirki ne, in ya manta cewa shi likita ne.

Sai nas ɗin nan ta ce, "Baba, Malama ta ce ba mu tambaye ka ba. Kai me kake so?" Na ce, ina son mata ta biyu da mota. Ba ta yi dariya ba, ta tsaya tana jira. Duk suka tsaya suna jira. Ban san akwai shirun da ya fi ƙarfina ba sai ranar. Na ce, 'yata nake so in gani. Suka dubi juna, suka tattara kayansu.

Gyambon ya daina wari. Na mayar da hotonki bango. Agogon mahaifiyarki yana tafiya daidai, ni ne dai nake ganin kamar yana jan ƙafa.

Ki ci abinci. Mahaifinki, wanda ya sake saninki.

*

Zuwa ga Malam Mai Agogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan samun sauƙi, ni ce malamar da ke koyar da 'yarka da abokanta. Na sa an rubuta wannan da manyan baƙaƙe.

Da farko, ba zan iya mayar da ita ƙungiyar da ke duba ka ba. Dokar tana da dalili, kuma ina jin ka ga dalilin da idonka.

Na biyu, a darasina kowace ƙungiya sai ta tsayar da buri guda wanda dukkansu za su yi wa aiki, kuma daga bakin mara lafiya zai fito, ba daga littafi ba. Ɗalibaina sun kawo mini naka. Sun zo su huɗu tare, abin da ban saba gani ba, suka ce tunda ita ba za ta zo maka ba, kai za su kawo. Sun tsara cewa idan gyambon ya rufe, kuma ka iya takawa daga gida zuwa gindin gada ba tare da an riƙe ka ba, motar makaranta za ta ɗauko ka.

Dokar ta hana ɗaliba duba mahaifinta. Ba ta hana ta sauraronsa ba. Saboda haka ina gayyatarka ka zo ajinmu a matsayin malami na rana ɗaya, ka ba ɗalibai labarin hanyar da kake bi zuwa asibiti da ƙofofin da ake tura ka. Ina roƙon ka haɗa da labarin firijin. Na yi shekara da shekaru ina neman misalin da zai shiga kansu, ban samu kamarsa ba.

Ba sai ka aro komai ba.

Tare da girmamawa,
Malamar darasin haɗin gwiwa

*

Uwata,

Gaisuwa. Jiya na taka har gindin gada, ni kaɗai, mai gashin ƙashi tana bayana da hannu a baya kamar mai gadi. Na tsaya hutawa a hanya, amma na ce mata kallon gari nake.

Ranar Alhamis zan zo. Wanda makaranta ta gaji da shi, yau ita ta aiko masa da mota. Rigata zan sa, tsohuwar nan da kika sani. Zan taho miki da agogon mahaifiyarki, lokaci ya yi da zai koma hannu.

Ki zauna a layin gaba, idon bai kai baya ba. Kuma ki shirya, don da na gan ki, a gaban Malama da Dogo da kowa, da sunan da na saba zan kira ki, har ƙarshensa.

Mahaifinki.